Yaya Hamadu, faifan muryar Baba ya karce

Assalamu alaikum. Gaisuwa da girmamawa zuwa ga yayana Hamadu, a duk inda wannan saƙo ya same ka. Ni ce ƙanwarka Habiba, daga gidanmu na unguwar Poumpoumré a Garoua. Na rubuta a fili inda kowa zai gani, don lambarka ta daina shiga tun da ka kira daga Kousséri ka ce za ka tsallaka iyaka neman aiki. Wataƙila cikin masu karantawa akwai wanda ya san inda kake.

Inna ba lafiya. Idanunta sun tafi gaba ɗaya bayan babbar Sallah, yanzu kuma tunaninta ya fara rikicewa. Wani lokaci takan tambaye ni ko Baba ya dawo daga kasuwar shanu, alhali ya rasu tun kafin tafiyarka. Ba ta cin abinci sai an kunna mata muryarsa.

Ka tuna ranar da ka zaunar da shi a falo, ka kafa masa makirfo, ya ba da labarin yadda suke koro shanu daga Tignère zuwa Garoua a ƙafa? Muna ta yi maka dariya, kai da manyan sifikokinka da ampili ɗin da ka hana kowa taɓawa. Ka buga hirar a faifan CD, ka ce, "Wannan na gida ne, asalin yana cikin kwamfutata." Da kwamfutar ka tafi.

Faifan nan shi ya riƙe mu duk tsawon lokacin nan. In na saka shi, sai ka rantse Baba yana zaune kan buzunsa. Ana jin kaurin muryarsa, da numfashin da yake ja kafin ya ambaci sunan wani gari, har da ƙarar kofin shayi in ya ajiye. Inna sai ta gyara ɗankwali ta karɓi kwano. Yanzu ya karce. Yana kaiwa inda suke tsallake kogi sai ya riƙa maimaita kalma ɗaya, Inna ta firgita, ta ce me ya sami malam, a ba shi ruwa.

Ba abin da ban gwada ba, Yaya. Na samo filashin da ka ba Kawu Sale na Tibati, na soka a jikin ampili. Maganar duk tana nan, amma muryar ta sirance, kofin shayin ma ba a jin sa. Inna ta saurara kaɗan ta ce, "Wannan ƙaninsa ne." Ta juya wa bango fuska.

Na karɓi wanda ke yawo a WhatsApp na dangi, na haɗa waya da sifika ta bulutut. Wannan ya fi muni, kamar mutum na magana cikin bokiti. Na sayi igiya na haɗa wayar kai tsaye, ya ɗan gyaru, amma ba ta yarda ba. Guntun da ka ɗora a shafinka ya fi su tsabta, sai dai gajere ne, kuma da netuwok ya yi rauni sai Baba ya tsaya a tsakiyar zance.

Na kai faifan wurin mai gyara a babbar kasuwa. Ya goge, ya gwada kwafa, kwamfutarsa ta tsaya a daidai wurin nan. Ya ce na filashi da na waya an matse su ne don su yi ƙanana, abin da aka zubar kuma ba ya dawowa, sai dai a nemo na asali. A gabansa na fashe da kuka, mutane suna kallona.

Tun shekaranjiya kunu kawai take kurɓa, shi ma da roƙo. Hannunta ya zama kamar kara. Likita ya ce in ba ta ci ba, magani ba zai yi aiki ba.

Hamadu, ɗan'uwana, ba wanda zai tambaye ka me ka samo. In babu kuɗin mota, ka turo hirar yadda take, kada ka matse ta. In kwamfutar ta salwanta, ka kira kawai.

A farkon faifan, inda bai karce ba, akwai muryarka kana cewa, "Baba, matso kusa, bismillah." Jiya Inna ta hana ni barin shi ya wuce nan. Na yi ta maido mata, tana amsawa, "Na'am, Hamadu, ga ni."

Allah ya sa kana raye, ya tsare ka, ya kai maka wannan saƙo da wuri. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Inna ikon jira.

Taka ƙanwa,
Habiba