Rabin Pud

Litinin, 2 ga Oktoba

'Yata Zlata ta bugo waya daga birnin Yaroslavl. Ta samo wa mahaifiyarta gurbi a gidan kula da marasa lafiya, daga watan Janairu. Hujjarta ɗaya ce: tun da ɓarin jikin matata Taisiya ya shanye, sau biyu bayana yana riƙewa garin ɗaga ta daga gado zuwa keken marasa lafiya. A na biyun tare muka zube ƙasa.

"Baba, zan zo a Disamba. Ka ɗaga ta a gabana lafiya lau, ni kuwa in janye maganata."

Shekara talatin da ɗaya ina gyara rubutun mutane a jarida. Ban sami abin gyarawa a maganar 'yata ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na sauke giryar babana daga kan gangar da muke jiƙa kabeji da gishiri, inda ta shekara ashirin tana danne murfi. Girya curin ƙarfe ce mai mariƙi, ta motsa jiki; wannan pud biyu ce, wato kilo talatin da biyu. Littattafai uku na karanta a kanta cikin kwana biyu. Na jawo ta a keken cefane har ɗakin motsa jikin da ke bakin kogin Volga.

Mai koyarwar mace ce, Rimma Gavrilovna, shekararta sittin da tara. A da awon hatsi take yi a tashar jiragen ruwa. Ta dubi ƙarfen, ta dube ni.

"Arkadiy Lvovich, kabejin wa ka baro ba mai gadi?"

Na ce a gidanmu namiji da pud biyu yake farawa.

"Babanka buhu ya ɗauka, kai kuwa biro. Mayar wa kabeji kayansa."

Ta nuna mini rabin pud. Mai fenti ruwan hoda.

Asabar, 7 ga Oktoba

Ko ruwan hodar ba ta bari na taɓa ba. Ta tsayar da ni taku ɗaya daga bango, na ba shi baya, ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Wai in tura ɗuwawu baya har su taɓa bangon, gadon baya a miƙe, dunduniya a ƙasa. Sau hamsin.

"Ba durƙuso na ce ba, Edita, ba a gaban liman kake ba. Turo ƙofa za ka yi da baya, hannunka cike da kaya."

Na faɗa wa Taisiya. Rabin bakinta ya yi dariya.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na isa da wuri, na tarar da Rimma Gavrilovna tana nata aikin. Dole in rubuta wannan daidai.

Pud guda, hannu ɗaya, minti goma. Ƙa'idarsu ke nan: sau ɗaya ake sauya hannu, wanda ya ajiye kuma ya gama. Ta shafa alli, ta kama mariƙin kamar mai ɗaukar jakar kasuwa. Ƙarfen ya shige tsakanin ƙafafunta, ya dawo, ya haye sama da kanta, ya zauna a bayan hannunta ba ko ƙara. Babu gaggawa. Babu ɓata fuska. Numfashinta kaɗai ake ji, kamar ana shara da sabuwar tsintsiya. Na ƙirga ɗari da arba'in, sannan na manta da ƙirga. Ni, da ban taɓa manta adadi ba.

Na yi hira da janar-janar, na ga ƙanƙarar kogin nan tana tsagewa da bazara. Ban taɓa ganin nauyi ya yi biyayya haka ba.

Da ta ajiye na tambaye ta inda ƙarfin yake fitowa.

"Wane ƙarfi? Hannu igiya ne, yatsu ƙugiya. Ƙugu ke jifa. Kai dai kada ka tare wa giryar hanya."

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Kanta ta fito a tafin hannu, irin ta manoma. A hannuna!

Talata, 21 ga Nuwamba

Yau abin ya faru. Ina lilo da girya da hannu biyu, na miƙe ƙugu da ƙarfi, na fesar da numfashi, sai giryar ta taso daidai ƙirjina ta tsaya a iska. Ƙiftawar ido ɗaya ba ta da nauyi ko kaɗan. Duk littattafan nan uku sun faɗi haka, amma ashe ban karanta ba sai yau.

Daga nan Rimma Gavrilovna ta ce in nuna mata yadda nake ɗaga matata. Ta ba ni pud guda a madadinta. Na sunkuya, na miƙa hannuwa, na ɗago.

"Tsaya! Haka kake riƙe ta? Can nesa, kamar tukunyar miya mai zafi?"

Ta ci gaba:

"Kayan da ke nesa da jiki baya yake ci. Manna shi a ƙirji, ka tsuguna, ka tashi da ƙafafu. Shekara nawa da aurenku?"

"Talatin da shida."

"To ba baƙuwa ba ce, Edita."

Na tsaya bakin kogi na jima kafin in koma gida. Yaushe na fara riƙe ta daga nesa? Ba daga ciwon ba ne. Ya girmi ciwon.

Lahadi, 17 ga Disamba

Zlata ta iso da jirgin safe. Ta tsaya a ƙofar ɗaki, ko rigar sanyi ba ta cire ba.

Na kulle tayoyin keken. Ƙafafu daidai kafaɗa, ƙugu baya, gadon baya a miƙe. Na sa hannun Taisiya mai lafiya a wuyana, na manna ta a ƙirjina, na tashi da ƙafafu. Ta taso. Gashinta har yanzu ƙanshin sabulun nan na da yake yi.

Aikin na daƙiƙa biyar ne, na sha auna shi. Zlata ta ce mun fi minti guda a tsaye.

"Baba, keken yana bayanka fa."

Taisiya ta ce mata, da harshenta mai nauyi, "Ƙyale shi. Koyo yake."

Ba a sake ta da zancen Janairu ba. Zlata ta ci kabeji faranti biyu, ta ce bana ya dannu sosai.

Bayana lafiya lau. Jinkirin ajiyewa kuskure ne a ƙa'ida, na sani. Ba zan faɗa wa Rimma Gavrilovna ba, kada ta gyara mini.