Mai Sanda Ke da Hanya

Gashua, washegarin kasuwa.

Zuwa ga uwargidana Fanne,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida da maƙwabtanmu na Nguru baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? In har yanzu tana kumbura, ki daina hawa babur, ki jira keke ko da zai ɓata miki lokaci. Takarda na rubuto tunda kunnenki ba ya shiri da waya, kullum sai ki ce tsawa nake yi miki.

Na samu 'yarmu Safiyatu da yaranta lafiya, sai dai abin da ta kira ni a kansa gaskiya ne. An shafa jan fenti a rumfarta ta bandar kifi, da wasu rumfuna goma sha ɗaya da ke jere da ita a lungun da ya taso daga tasha ya gangara bakin kogi. Kwamitin kasuwa ya ce za a rushe su a faɗaɗa hanya. Kin sani, tun rasuwar mijinta rumfar nan ce ke ciyar da ita da yara huɗu. In aka tashe ta, bayan kasuwa za a kai ta, inda ko ƙuda bai san hanya ba balle mai saye.

Ban ga laifin kwamitin ba sosai. Jiya na tsaya a bakin lungun tun safe. Faɗinsa na mota ɗaya ne, amma kowa daga ko'ina shigowa yake. Keke ya taho daga tasha, akori-kura ta taho daga kogi da ɗanyen kifi, su haɗu goshi da goshi a tsakiya, kowanne ya rantse ba zai ja da baya ba. Bayansu babura, bayan babura amalanken shanu, masu turin baro suna cusa kai ta kowace kafa. Kifin wani bawan Allah ya ruɓe a cikin mota ina kallo.

Ina tsaye sai dariya ta kama ni, Fanne, don na gane ciwon. Wannan ai layin dogo ne guda ɗaya. Shekara talatin da ɗaya na yi a tashar jirgin ƙasa ta Nguru ina ba jirgi hanya, ban taɓa bari biyu sun haɗu a layi ɗaya ba. Dokarmu kin san ta: direba ba ya shiga layi sai da sandar layin a hannunsa, kuma sandar ɗaya ce tak. Haka za a yi a nan. Ni in tsaya a bakin tasha, wani ya tsaya a bakin kogi. In saki rukuni guda, na ƙarshensu in ba shi sanda. In ya kai ta can, sannan na can su taho, na ƙarshensu ya dawo mini da ita.

Na je wurin kwamitin da Modu, shugaban 'yan keke na tashar, mutum mai hankali. Sun dube ni kamar tsohon da zaman gida ya gundura, amma sun ba ni kasuwa biyu. In lungun bai warware ba, guduma za ta yi aiki. Na ce musu ɗaya ma ta ishe ni.

Kada ki damu. Ki gai da kowa.

Mijinki,
Kalli


Gashua, washegarin kasuwa ta gaba.

Zuwa ga Fanne,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata ƙafar ta sauka, kuma ana kawo muku ruwa a kan kari. Mu nan jiki lafiya lau. Sauran labarin kuma ki zauna kafin ki karanta, kuma in za ki yi dariya ki yi ta ke kaɗai.

Na sayi sanda mai kyau. Na sa mai shela ya zaga kasuwa da lasifika yana faɗin cewa daga yau mai sanda ke da hanya. Ni na tsara maganar da bakina, har ina jin daɗin yadda ta zauna. Daga safe zuwa hantsi abin ya tafi kamar an shafa mai. Modu yana bakin kogi, ina bakin tasha, sanda tana zuwa tana dawowa, har Safiyatu ta leƙo daga rumfa ta ɗaga mini hannu.

Sai ga mutanen ƙauye sun iso da amalanke. A gabansu akwai wani dogon Bafulatani daga wajen Jakusko, Hamajoɗa sunansa, da shanu biyu da lodin gero. Sandata tana can wurin Modu, motoci sun riga sun taso daga kogi. Na ɗaga masa hannu ya tsaya. Shi kuwa ya ɗaga sandarsa ta kiwo sama, ya nuna mini ita da kyau, ya kora shanunsa cikin lungu. Amalanke bakwai na bayansa, kowa da tasa sandar a sama, suka bi shi cikin natsuwa, don a ganinsu doka suke bi. Da 'yan keke suka ga haka, sai suka hau karya reshen dalbejiya. Har wani dattijo a bayan babur ya ɗaga sandar da yake dogarawa ya wuce ni yana gyaɗa kai. Lungun nan bai buɗe ba sai bayan la'asar.

Da yamma Hamajoɗa ya zo har inda nake zaune yana dariya. Da ya ji ni Babarbare ne sai ya samu abin yi, kin san wasanmu da su. Wai shi ubangidana ne dama, na kyauta da na sa aka yi shelar a ba shi hanya. Na ce masa shanunsa sun fi shi gane magana. Muka rabu yana ta dariya, ni kuwa ta ciki na ciki.

Abin da ya taɓa ni Safiyatu ce. Ta kawo mini abinci, sannan ta koma ta fara sauke ragar bandarta tana ɗaurewa. Na ji kunya, Fanne, irin wadda ban ji ba tun ina saurayi.

Amma dabarar ba ta da laifi, ni ne na yi kuskure. A layin dogo babu mai irin sandar nan sai mu. Ni kuma na zo garin da kowane namiji ke fita da sanda na ce mai sanda ke da hanya. Abin da nake bukata shi ne abin da babu mai irinsa a duk ƙasar nan, kuma yana ɗakinki. Tsohon zoben nan na waya, babba, mai jakar fata, wanda muke miƙa wa direba jirgi na tafiya, wanda aka bar mini ranar da na ajiye aiki. Na sani da shi kike rataye gidan sauro. Ki yi haƙuri ki kwance, ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda.

Saura kasuwa ɗaya, kuma ta isa. Na ce wa Safiyatu ta mayar da ragarta.

Naki,
Kalli


Gashua, washegarin kasuwa ta uku.

Zuwa ga Fanne, matar kirki,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da godiya. Ina fata kina lafiya duk da sauron da kika ce zai yi ta biki a kanki. Zobe ya iso, tare da 'yar takardarki. Na karanta inda kika ce in wannan ma ya ƙi, kada in dawo in ce laifin zoben ne. Na ji.

Wannan karon ban bar wa mai shela magana shi kaɗai ba. Tun jajibiri ni da Modu muka zaga da zoben tasha-tasha, wurin 'yan keke, 'yan babur, direbobin akori-kura, masu baro, kowa ya gani ya taɓa. Muka ce wannan ne, babu na biyunsa. In ba ya bakin da kake, ka tsaya.

Safiya ta tafi daidai, amma ban saki jiki ba, na san masu amalanke nake jira. Wajen hantsi sai ga su, Hamajoɗa a gaba kamar wancan karon. Zobe yana can bakin kogi. 'Yan kwamiti uku suna tsaye a gefena, ɗaya yana duba agogo. Hamajoɗa ya iso daf da ni, ya ɗaga sandarsa sama. Ni kuwa ban matsa ba.

Ya dube ni ya yi murmushi, sai ya sauke sandar ya gitta ta a bakin lungun, a gaban hancin shanunsa. Wani ɗan keke ya so ya kutsa ta gefe, ya tare shi da ita. Haka ya riƙe layin nan gaba ɗaya har motocin kogi suka gama fitowa, ta ƙarshe ta miƙo mini zobe. Na saki mutanena, shi kuma ya ja gefe ya bar kowa ya wuce don ya zama na ƙarshe. Da na miƙa masa zoben sai ya rataya shi a ƙahon sansa, wai tunda na ce shanun sun fi shi gane magana, su kai. Duk lungun aka yi ta dariya, kuma babu wanda ya tsallake layi har aka tashi kasuwa.

Shugaban kwamiti ya hau keke ya ratsa lungun da kansa sau biyu. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce rumfuna su zauna, muddin zobe na aiki, kuma za su sa mutum biyu in koya musu. Kafin ya bar wurin Safiyatu ta ɗauko wuƙar gyaran kifinta ta hau kankare jan fentin. Na juya baya kamar ina duba hanya, don kada ta ga idona.

Zan gaya miki wata magana da ban taɓa faɗa ba. Tun da na ajiye aiki nake zama a ƙofar gida ina jin kamar an gama da ni. Jiya da na miƙa zoben nan, hannuna ya tuna yadda ake yi tun kafin ni in tuna.

Ga kifi nan Safiyatu ta zaɓar miki, manya ne. Zoben kuwa ba zai dawo ba, ya samu aiki. Kada ki hau kujera da wannan ƙafar. Jibi ina tafe da ƙusa da igiya, ni zan rataya miki gidan sauron.

Mijinki,
Kalli