Bencin Sallar Inna

Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba mai kai maka wannan takarda, balle ka zaro jan biro ka gyara mini rubutu yadda ka saba. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa.

Gida lafiya. Mutanen Gololo sun zo gaisuwa, sun kwana biyu sun koma. Inna na nan, sai dai gwiwoyin sun matsa mata. A kan bokitin fenti take zama ta yi salla. Na sayo mata kujerar roba ta ƙi ko kallonta, wai bencin da ka yi mata alkawari take jira. Ka san halinta, kuma ka san nawa, ba mu rabu da daɗi ba ranar.

Shi ya sa ranar Asabar na buɗe rumfarka ta bayan gida. Injin goge katakon yana nan a rufe da tsohon zanen gado. Ka tuna ranar da ka kawo shi bayan ka yi ritaya? Na ce me tsohon hedimasta zai yi da kayan kafintoci, ana zaune ƙalau ka sayo wa unguwa ƙara. Ka ci gaba da haɗa injinka kawai. Da ma ka zage ni.

Katakon madaci huɗu na tarar a jingine, ka riga ka zizzirga musu fensir. Na sha ganin yadda kake yi. Ka zizzirga fensir a fuskar katako, ka juya hannun injin kaɗan, ka tura. Kowane zagaye abin da yake ci bai fi ɓawon albasa ba. In zanen fensir ya ɓace duka, katako ya daidaita ke nan. Sai na ta da janareta na fara, ina sauri don in samu motar Azare kafin magariba.

Biyu sun wuce. Na uku ya shiga rabi na lura ba zane ba ne kawai, rubutu ne, da irin harafin nan naka mai doguwar jela. Injin ya riga ya kama shi. Ya fito ta ɗaya gefen sumul, fes, ba ko ɗigo. Me ka rubuta, Baba? Awo ne? Saƙo ne? Na durƙusa ina tona dusar katako da hannu kamar zan tsinci kalmomin a ciki.

Na huɗun, dogon nan na mazauni, na fito da shi rana na karanta. Kalma uku ne: “A jira Sani.”

Sau uku ka kira ni. Ka ce dogon katako sai da mai tara hannu ya riƙe shi a ɗaya gefen, in ba haka ba injin ya ƙwaƙule ƙarshensa. Sau uku na ce mako mai zuwa, aiki ya yi yawa a ofis. Daga Azare zuwa Katagum tafiyar nawa ce? Ƙarya na yi maka. Ƙarar injin ce ba na so, da ƙurar da ke ɓata mini kaya. Ina jin kunyar wannan fiye da duk abin da na taɓa yi.

Na kifa rubutun ƙasa na goge bayan kawai. Ba mai tara mini, don haka injin ya ƙwaƙule ƙarshen, daidai yadda ka ce. Na bar shi haka.

An gama benci. Inna na salla a kai. Ta san rubutun hannunka na ƙarƙashi, in ta sallame takan shafa wurin. Ba ta karanta boko, ta tambaye ni me ka rubuta, na ce awo ne. Gobe zan faɗa mata gaskiya.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka huta. Ka yafe mini. Na zo, Baba.

Ɗanka da ya makara,
Sani