Ƙarfen da Ya Amsa a Madadin Dogo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yaran duka, ya kuma ɗauke miki ciwon gwiwar nan da kika ce yana hana ki hawa bene. Mutanen gida lafiya lau a jin da na yi musu na ƙarshe. Inna tana shan maganinta idan an tsaya a kanta, idan ba a tsaya ba ta ce ta sha. Matar ɗan'uwanmu marigayi Dogo ta koma kan keken ɗinkinta, ɗansu kuma ya fara takawa, an ce yana bin bango yana wa kowa tsawa. Inna ta ce wai halina ya ɗauko. Ban ga abin tsoro a ciki ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wanda ke da waya a aljihu. Dalili shi ne ni da ke ba mu iya waya ba. Ke ki ɗaga murya, ni in ɗaga, sai ki kashe, sai in tsaya ina zagin gilashi. Takarda kuwa ba ki da inda za ki danna ki katse ni. Ina rubuta ta ne a wani aji na makaranta inda aka sauke mu hutun rana, a kan benci na yara, gwiwoyina na tokarar tebur. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Kin ce na ci amanar ɗan'uwana da na shiga tafiyar nan, tare da mutanen da suka bar shi a gefen titi. Ban musa miki a lokacin ba saboda ban so ki san abin da ya kai ni. Ba tausayin yaran nan masu sikila ya kai ni ba, duk da cewa don su ake yin tafiyar, ana ratsa ƙasa daga wannan baki zuwa wancan a kan keke, gari gari ana tara wa ɗakinsu na asibiti taimako. Allah ya ba su lafiya, amma ba su ne a raina ba. Na rufe rumfar littattafaina na ɗauki keken Dogo ne don in isa wurin da ya faɗi, in tsayar da shugaban tafiyar, Mai Usur, a gaban jama'arsa, in sa shi ya maimaita ƙaryar da ya yi mana ranar ta'aziyya.

Bari in gaya miki yadda suke tafiya, don ni ma sai da na shiga na gane. Motar kaya tana wucewa gaba ta nemi masauki. Mai Usur, tsohon malamin motsa jikin nan da kika rufe wa ƙofa, shi ke jan layi. Sai mutum ɗaya a can ƙarshe, ana ce masa mai baya. Aikinsa kada ya wuce kowa. Wanda taya ta yi wa faci, wanda ƙafarsa ta riƙe, wanda ya tsaya amai, duk mai baya zai tsaya da shi har ya tashi. A cikin layi ba a waiwaye, domin mai waiwaye shi ke kayar da na kusa da shi. Saboda haka idan an sha kwana ko an kai tsakiyar hawa, Mai Usur ya busa, mai baya ya kaɗa ƙararrawa sau biyu. An ji ƙararrawa, kowa na nan, a ci gaba. Wannan aiki Dogo ya riƙe musu shekara da shekaru. Kowa yana da mai duba bayansa, ban da shi.

Da na ce ni zan zama mai baya, sai kowa ya sunkuyar da kai. Wani mai aski da ke cikinsu, ɗan barkwanci ne, ya ce anya mai zafin kai irina zai iya bin bayan tsofaffi bai tura su rami ba. Na ce masa ya fara kiyaye nasa ramin. Haka aka ba ni. Sirdin keken ya yi tsatsa ya kafe a tsayin Dogo, mai faci ya yi duka ya zuba masa mai ya ƙi sauka, don haka da kan yatsu nake taka feda, ina rangaji kamar agwagwa. Ƙarfen kan keken ma ya goge daidai inda tafinsa ke zama, kuma ba nan nawa ke zama ba. Kullum sai in ga hannuna ya koma can da kansa.

Yaya, abin da ban shirya masa ba shi ne mutanen hanya. Su na gaba wucewa suke yi fuu, ba wanda ya san fuskarsu. Mai baya ne ke tsayawa, shi ke roƙon ruwa, shi ke aron inuwa. Duk ƙasar nan Dogo suka sani. Daga nesa sai su hango koren keke da babbar ƙararrawa, yara su taso da gudu suna kiran sunansa, sai na matso su ja birki su tsaya suna kallona. Wata tsohuwa mai ɗan shago ta fito da kofi cike da ruwa tana faɗa tun daga ƙofa, wai bara ya yi mata alkawarin zai tsaya ya gyara mata ƙyauren da ke gogar ƙasa, ga shi sai yanzu. Da ta ga ni ne, ta tambaya ko ya aiko ni. Na faɗa mata. Ta zauna a kan buhu, kofin na hannunta, ruwan na zuba a kan zaninta ba ta sani ba. Ku kun binne shi sau ɗaya. Ni kusan kowane gari sai na sake, kuma bakin nan nawa da kuke kuka da shi ban taɓa jin ya yi mini nauyi haka ba. Ƙyauren dai na gyara, ba kyau, amma yana rufuwa.

Su ma 'yan tafiyar ba su bar ni na huta ba. Idan mutum ya gaji hankalinsa komawa yake yi inda ya saba. Sai ka ji wani daga gaba, bai waiwayo ba, ya ce Dogo a miƙo famfo, ko Dogo ƙafata ta riƙe. Ranar farko na wanke wani ma'aikacin banki tas har ya ba ni haƙuri. Daga baya na daina. Akwai ranar da aka kira, na ji bakina ya amsa. Kada ki gaya wa Inna wannan.

Shi kuwa Mai Usur bai taɓa neman in yi masa magana ba. Ya rame ƙwarai, rigar tafiyar tana yawo a jikinsa. Idan aka tsaya cin abinci sai ya ajiye mini nawa a kan sirdi ya tafi. Ni kuma in ba mai aski. Duk busar da ya yi ina kaɗa masa ƙararrawa da ƙarfi kamar ina marinsa, ina cewa a raina ka ji yadda amsa take, tsoho, wannan ita ce amsa, matacce ba ya yin ta. Kin tuna abin da ya ce a ƙofar gidanmu, cewa ya busa a hawan, kuma Dogo ya amsa masa sau biyu. Likita kuwa ya ce zuciyarsa ta buga tun a gindin hawan, kuma da an kai gare shi da wuri wataƙila da an yi wani abu. Wanda ke kwance a ƙasa da me zai kaɗa ƙararrawa? Tambayar da na ɗauko ke nan tun daga gida.

Jiya da hantsi muka iso wurin. Ba wani wuri ba ne, Yaya. Kwalbati ne, da busasshen rafi a ƙarƙashi, da dutse hagu da dama, sai titi ya hau ya lanƙwashe ya ɓace. Da ban ga yadda kowa ya yi tsit ba ma da ban gane ba. Na bari na ƙarshensu ya sha kwanar, sai na sauka, na jingine keken, na soke hannayena biyu a aljihu. Niyyata in ƙi amsawa, in ga ko za su sake tafiya su bar mai baya, sannan in hau in same su in yi musu abin da na zo yi. Na ji usur daga sama. Ban taɓa ƙararrawar ba. Iska na bi ta tsakanin duwatsun tana kaɗa mini riga. Sai na ji ƙararrawa, sau biyu, ras, daga bayana.

Wallahi ban san lokacin da na durƙusa ba. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Ni da nake wa mutane dariya idan sun kawo labarin fatalwa, ni da na cinye littattafan rumfata ina gardama da kowa, sai ga ni na kasa juya wuya. Keken yana gabana, ina kallon ƙararrawarsa, ba abin da ya taɓa ta. Can ta sake yi. Da ƙyar na juya. A ƙasan kwalbatin akwai wani tsohon allon hanya da ya karkace, rubutunsa ya goge, ƙusarsa ɗaya ta fita. Wani guntun ƙarfe da ya riƙe shi yana lilo. Idan iska ta taso sai ya bugi turken, ya dawo ya sake bugu. Sau biyu. Wanda ke kan keke yana haki ba zai ji ba. Sai wanda ya busa usur ya kasa kunne.

Ina nan durƙushe sai ga Mai Usur yana gangarowa a ƙafa, ya jefar da kekensa a sama, yana gudu irin na tsofaffi, hula a hannu. Da ya gan ni da rai sai ya dafa dutse yana numfashi. Ya ce ya ji amsata, amma a wannan hawan ya daina yarda da kunnensa, ya rantse tun bara cewa ko an amsa sai ya sauko ya gani da ido. Na nuna masa allon kawai. Muka tsaya. Iska ta zo, ƙarfen ya buga. Yaya, na ga fuskar mutum ta rushe. Ya zauna daɓas a kan kwalta yana kuka da murya, yana cewa shekara guda yana zaton ya haukace, ko kuwa ya ƙirƙiri amsar ne don ya samu ya iya barci, har ya fara yarda da abin da muka kira shi. Duk maganganun da na tanada tun daga gida, na jera su na goge su, ko ɗaya ban samu ba. Wa zan zaga? Ƙarfe?

Abin da ke cina yanzu daban ne. Dogo yana kwance a nan, wataƙila da sauran hankalinsa. Ya ji usur. Ya ji an amsa a madadinsa. Ya san sun tafi. Wannan tunanin ke bina a kan hanya, kuma ban rubuto don in ɗora miki shi ba, sai don na kasa riƙe shi ni kaɗai.

Na buɗe jakar kayan gyaran Dogo na yanko tsohuwar roba ta cikin taya, muka sauka ni da Mai Usur muka ɗaure ƙarfen tam a jikin turken. Sauran suka gangaro ɗaya bayan ɗaya, aka yi masa addu'a a wurin. Ko mai aski bai samu abin dariya ba. Kafin mu tashi Mai Usur ya cire usur ɗin ya rataya wa wata malamar asibiti, ya ce daga yau ita ke jan layi, kuma mai baya ya zama mutum biyu. Tun jiya a gefena yake tafiya. Ba ma hira sosai. Yana da wani tari da ke ba ni haushi, na kuma gaya masa. Duk da haka ina jin ƙarfen nan a kunnena lokaci lokaci, a fili, inda babu allo babu dutse. Na lura shi ma yakan ɗan karkata kai, amma ba na tambayarsa.

Ga abin da nake roƙo. Inna ba za ta buɗe wa mutumin nan ƙofa ba sai da yawunki, kin san haka, tun rasuwar Baba maganarki ce magana a gidan. Ki kira ta. Ki gaya mata bai yi ƙarya ba, ni na ji da kunnena, ni da na fi kowa son ya zama maƙaryaci. Ban ce babu laifi a tsarinsu ba, akwai, na kuma faɗa musu a gaban kowa ba tare da na tauna ba. Amma ta'aziyyar da ya kawo bara tana nan a bakinsa, ba wanda ya karɓa, kuma tana cinye shi. Ranar da muka dawo zan zo da shi gida kai tsaye, kafin ma in wanke ƙafa. Idan ƙofa a buɗe take, alhamdulillahi. Idan a rufe take, zan tsaya da shi a waje har a buɗe. Aikin mai baya ke nan, na koya, ba na wuce wanda ya tsaya.

Ki gaishe mini da maigidan, ki ce masa littafin da ya ara tun zuwansa ban manta ba. Ki gaida Babbar Yarinya da 'yan biyu, da Auta mai kukan banza, ki ce kawunsu ya yi baƙi ya rame amma bakinsa na nan. Ki gaida surukarki da jiki. Idan kin yi salla ki sa Dogo a addu'a, Allah ya jiƙansa ya haskaka makwancinsa, ki kuma sa tsohon nan, ko da ranki bai so ba tukuna. An busa usur a waje, sai na tashi.

Ƙaninki da kika raina da hannunki,
Barkono