Dokar da Na Kawo da Bakina

Zuwa ga Babba,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka. Yaya ƙafar jikana? Mu nan sai godiya.

Na ji kai ka kama ƙanenka Auta da amsoshi rubuce a cinyarsa, a jarrabawar farko da kwalejin nan ta taɓa yi. Ban manta ba, ni na miƙe ran da muka taru a tsohon siton nan don kafa kwalejin, muna zaune kan bulo don ko benci babu, na ce duk wanda aka kama da satar amsa a kore shi, ko ɗan wane ne. Har tafi aka yi mini.

Amma kai kaɗai ka gani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Jami'a ta ƙi yaron nan, in nan ma aka kore shi ina za shi? Kada ka kai maganar gaban kwamiti. Ba roƙonka nake ba, tuni nake maka.

Mahaifiyarka.

Zuwa ga Babba,

Ina gaishe ku, Allah ya ƙara wa jikana sauƙi.

Ba ka ba ni amsa ba, ka kyauta. Jiya na je kwalejin da niyyar in tsare ka. A bakin ƙofa na haɗu da matar kafintan da ya haɗa mana bencuna kyauta. Ashe ita ma an kama 'yarta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ido jawur, ta ce ba za ta roƙi kowa ba, tunda dokar da na kawo ba ta duban fuska. Wai kullum da ni take yi wa 'ya'yanta misali.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ko amsa gaisuwar kirki ban yi ba, na juyo gida. Auta ya kawo mini ruwa, na buɗe baki zan yi masa faɗa, na rasa ta inda zan fara.

Ka kai maganarsa. Gobe zan zo da shi da kaina. In za a sassauta, a sassauta wa su biyun, amma ba da bakina ba. Kujerata ta kwamiti kuma a ba wani, zan zauna kan benci kusa da matar kafinta.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka.