Fim Ɗaya Ya Mai Da Ɗana Farfesan Lissafi

Gwaggo mai filin nan, sallama. Don girman Allah ki agaza mini da shawara, kuma ki yi da wuri, domin abin da nake tsoro ƙarshen watan nan zai faru. Kada ki saka sunana. Maigidana mai aski ne, ba ya karanta jarida, amma a shagonsa ake ajiye ta, masu jiran layi kuwa ba abin da ba sa karantawa.

Ina da ɗa ɗan shekara goma sha shida, muna ce masa Dogo saboda tun bara ya wuce ubansa tsawo. Yana ƙarami likita ya ce yana da lalurar da ake kira otizim. Ba ya son hayaniya, ba ya son a taɓa shi ba zato, ba ya kallon mutum cikin ido, kuma idan kika matsar masa da kofi daga inda ya ajiye, to ki shirya jin bayani har ki gaji. Ban da wannan, yaro ne mai daɗin zama. Shi yake ninke mana kaya, wallahi ko mai guga ya ga ninkin Dogo sai ya ji kunya. Lissafi kuwa, Gwaggo, ni na haife shi, ba zan yi masa ƙarya ba: bai iya ba. Ni ya gado.

Ubansa mutumin kirki ne, ba duka, ba zagi, amma duk shekarun nan bai san yadda zai yi da yaron ba. Zai shigo ya ce "Dogo, lafiya?", Dogo ya ce "Lafiya", shi ke nan an gama hirar ranar. Ko sau ɗaya bai taɓa kai shi shago ba. In abokansa suka zo gida sai ya ce yaron yana ciki yana hutawa, sai ka ce wani mai jego. Abin yana ci mini rai, amma na saba haɗiyewa.

Ana haka yayar maigidan ta zo mana kwana biyu da wani fim a waya, ta ce lallai sai mun gani, wai yaron ciki sak Dogo. Labarin wani saurayi ne mai irin lalurar, 'yan ajinsu suna tsokanarsa, malamai sun fid da rai da shi, ashe kansa cike yake da lissafi. In aka jefa masa tambaya sai ya ƙura wa nesa ido, a sako wani kiɗa mai sanyi, can sai ya faɗi amsa. A ƙarshe dai ya zama mutum, ya yi abokai, jama'a suka miƙe suna tafi. Ni na yi kukana, na share hawaye, na tafi wanke-wanke. Maigida kuwa ya yi ta maimaitawa har wayar yayarsa ta mutu, ya saka mata caji ya ɗora.

Washegari da safe sai na ji yana cewa Dogo ya saka takalmi, za su shago. Na zaci kunnena ne.

Abin da ya faru a can, daga bakin maigidan na ji, kuma na ji shi ya fi a ƙirga. Ya zaunar da yaron a kujerar da ke kusa da ƙofar gilashi, ya ba masu jiran layi labarin fim tun daga farko, sannan ya ce duk mai tambaya ya gwada. Wani direba ya ce ɗari uku da kaza sau ɗari bakwai da kaza. Dogo ya juya, ya ƙura wa titi ido, shago ya yi tsit. Can sai ya faɗi wata lamba, tiryan-tiryan, ba inda-inda. Shago ya kaure da ihu. Maigida ya ce shi kansa bai san lokacin da ya kwashe wa wanda yake yi wa aski rabin gira ba.

Tun daga ranar kullum tare suke fita. Mutanen da ko gashi ba su da shi suna zuwa aski don su ga Farfesa. Kuma, Gwaggo, duk cikinsu ba wanda ya taɓa duba ko amsar daidai ce! Sau ɗaya ne kawai mai gyaran waya na maƙwabtaka ya danna a wayarsa, ya ce shi fa ba haka ya gani ba. Maigida ya ce masa kai da kake gyaran waya ai ka fi kowa sanin yadda suke lalacewa. Aka yi masa ca, bawan Allah ya koma shagonsa yana jijjiga wayar. Da na nuna wa maigidan sakamakon Dogo na makaranta, inda lissafi yake kwance da jan biro, sai ya yi murmushi ya ce ai a fim ɗin ma haka malaman suka yi. Yanzu har allon shago ya canza, an rubuta Askin Baban Farfesa.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wata rana da rana Dogo yana ninke zanin gado, na ce masa bakwai sau takwas nawa ne. Ya ajiye zanin, ya tafi taga ya tsaya. To mu gidanmu a lungu yake, mota ba ta cika shigowa ba. Ya tsaya, ya tsaya, har na fara tunanin ko ya manta da ni. Can motar kwasar shara ta wuce, sai ya ce dubu biyu da ɗari shida da sha ɗaya. Na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Gwaggo, lambar ce rangaɗau a jikin motar! A ƙasa na zauna. Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun.

Na tambaye shi a hankali, shi kuwa Dogo ba ya ɓoye-ɓoye. Ya ce ranar farko direban nan ya kawo fuskarsa dab da tasa yana ta maimaita tambaya, ga warin taba, sai ya kau da kai ya kalli titi, ya karanta lambar wata mota kamar yadda ya saba yi shi kaɗai. Sai mutumin ya ja da baya ya daina tambaya. Dogo ya ga abin yana aiki, ya ci gaba. In tambayar ta yi tsawo sai ya haɗa motoci biyu. In titi ba kowa kuwa sai ya jira, ubansa yana raɗa wa mutane cewa wannan mai wuya ce, a yi shiru.

Ga inda aka zo. Cikin masu zuwa askin akwai shugaban wata sakandare, ya gayyaci Dogo taron rufe makaranta ƙarshen wata, wai ya nuna baiwarsa a gaban ɗalibai da iyaye, malaman lissafi kuma za su shirya tambayoyi da amsoshinsu a takarda. Maigida ya amsa tun kafin mutumin ya rufe baki. Ya kai ɗinki, iri ɗaya shi da ɗansa. Jiya Dogo ya tambaye ni wai ɗakin taron yana da tagar da take kallon titi?

Na ce masa to ko dai ya daina zuwa shagon ne gaba ɗaya? Ya ce a'a. Ya ce hayaniyar tana sa masa ciwon kai, amma a hanya yana bayan Baba a babur, kuma Baba ya ce ya riƙe rigarsa, yana kuma yi masa hira har su isa.

Ba dabarar da ban saƙa ba. Na ce ko in kwantar da shi ranar in ce zazzaɓi ne. Na fara koya masa sau-sau a ɓoye, mun maƙale a gidan shida, ni da shi duka. Har tunanin hayar mota na yi ta riƙa zagaya makarantar, sai na tuna lamba ɗaya ce a jikinta. Na san gaskiya ce mafita, amma Gwaggo, tsoro nake ji. Shekara goma sha shida ina jiran mutumin nan ya riƙe hannun ɗansa a bainar jama'a. In na gaya masa, ya koma "Dogo, lafiya?", me zan ce wa yaron da safe in ya saka takalmi? In na yi shiru kuma, a yi masa dariya a gaban makaranta guda. Ki gaya mini yadda zan yi.

Taki cikin damuwa,
Uwar Dogo

Uwar Dogo,

Na yi dariya har sai da abokan aikina suka leƙo, da na zo ƙarshe kuma dariyar ta tsaya. Kin ce in sakaya sunanki, na sakaya, amma masu aski nawa ne a duniya suke da allo irin na mijinki? Don haka abu na farko: ki riga jaridar nan isa wurinsa. Ya ji daga bakinki, a ɗakinku, ya fi ya ji daga bakin mai gyaran waya, wanda na tabbata yana nan yana jiran ranarsa.

Zazzaɓin ƙarya ki bar shi. Za a ɗaga taron ne kawai, ko a kira shi wani, sannan kin koya wa yaro mai gaskiya abin da bai iya ba. Sau-sau ki ci gaba da koya masa don amfanin kansa, amma ba zai fid da ku ƙarshen wata ba. Dogo ba zai hau dandamalin nan ba, wannan ba abin tattaunawa ba ne.

Ki fara da Dogo. Ki gaya masa ƙarara cewa bai yi laifi ba, kuma za ki yi wa Baba bayani, kada abin ya zo masa ba zato. Yaron nan bai yaudari kowa ba. Manya ne suka rufe shi da tambaya, ya samo hanyar da za su ƙyale shi. Ki ba shi wata hanyar: ya ce "ba na son tambaya", kuma a shagon nan kowa ya san an gama magana ke nan.

Sannan mijinki. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ba yayarsa, ba kowa. Kada ki shiga da "ai na gaya maka". In ya musa, kada ki ja. Ki ce gobe ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli motocin da kansa. Zai ji kunya, mai yiwuwa ya yi fushi, har ya yi kwana biyu yana cin abinci ba magana. Ki ba shi wannan. Ki yi masa adalci kuma: ba mugunta ce ta hana shi jan yaron a jiki ba, rashin sanin ta inda zai fara ne, fim ya zo ya ba shi ƙofa sai ya afka da gudu. Amma shi ma yana da nasa. Ya ɗora wa yaro ciwon kai don a tafa masa, kuma shi ya kamata ya kira shugaban makarantar ya janye. Ba sai ya yi dogon bayani ba. Ya ce ɗana ba ya son taro, wannan kuwa gaskiya ce tsantsa.

Ki fahimtar da shi cewa masu fim wanda zai sa a yi tafi suke zaɓa. Cikin masu wannan lalura akwai gwanayen lissafi, akwai waɗanda suka maƙale a gidan shida irinki da ni. Kuma don Allah kada ku shiga neman wata baiwa da za ku maye gurbin wannan da ita, gobe a ce Farfesan ninkin kaya. Ba sai yaro ya zama abin kallo ba kafin ubansa ya fita da shi. In yana son aiki a shago, a ba shi tawul ya ninke a kusurwar da ba hayaniya, in kansa ya ɗauki ciwo ya samu inda zai huta. Ku kuma nemi malaminsa ko likitansa su haɗa ku da wasu iyayen. Mijinki yana bukatar ya zauna da wani uba irinsa fiye da yadda yake bukatar wani fim.

Tambayarki ta gaskiya ita ce ko zai ci gaba da ɗaukarsa. Ban san mijinki ba, ba zan rantse miki ba. Amma kada ki bar shi ya yanke hukunci da rabin labari. Bayan zancen motoci, ki gaya masa sauran: yaron da ba ya son hayaniya, ba ya son a kusance shi, kullum yana jure shago cike da garada har kansa ya yi ciwo, kuma da aka ce ya huta ya ce a'a, saboda tafiyar da yake yi a bayan ubansa. Ki faɗa masa haka, ki yi shiru. Da safe kuma ki bar Dogo ya saka takalminsa ya tsaya a bakin ƙofa kamar kullum. Ba ke za ki ba shi amsa ba, ubansa ne.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya raya muku Dogo, ya sanyaya zuciyar Babansa.

Gwaggo