Eka Shida da Taraktar Yaya

Litinin, 5 ga Mayu

Yaya ya zo. Shekara bakwai rabonsa da gonar nan, tun rasuwar Baba, yau sai ga shi da farin takalmi yana auna ta da ido. Wai lokaci ya yi da za mu sayi tarakta. "Mu." Ni da nake bin shanun haya a eka shida har bayana ya lalace, ni ce ban san lokaci ya yi ba?

Laraba, 7 ga Mayu

Mun je wurin dillali. Na ce ƙarama nake so, mai taya biyu, wadda ake turawa, don ta shiga tsakanin mangwarori. Mutumin ko kallo ban ishe shi ba. Ya juya wajen Yaya: "Ranka ya daɗe, ga wadda ta dace da babban mutum." Wata jibgegiya, mai ƙarfin doki casa'in, tayarta ta fi ni tsayi. Yaya har da shafa ta. Na ce, "Malam, mutum za ta nome ko gona?" Suka kwashe da dariya. Da ƙyar na haɗiye sauran maganar.

Asabar, 10 ga Mayu

Na gaya masa a waya ba za ta shiga ƙofar gona ba. Wai, "Ƙofa ai faɗaɗa ta ake yi." Ƙofar da Baba ya kafa da hannunsa.

Talata, 13 ga Mayu

Ruwan fari ya sauka. Maƙwabta na huɗa, mu muna gardama.

Alhamis, 15 ga Mayu

An kawo ta gwaji. Sai da aka tumɓuke ginshiƙi ɗaya kafin ta shiga. Juyin farko ta karya reshen mangwaro, na biyu ta murƙushe bututun ban-ruwa. Na ce wa direban kada ya gangara bakin rafi, ƙasar can tana riƙe ruwa. Ya dubi Yaya. Yaya ya ce, "Ke dai zuba ido."

Na zuba. Yana gangarawa taraktar ta kafe har ciki, tana gurnani tana watsa laka. Sai bayan la'asar aka jawo ta, ta bar mini ramuka biyu a inda nake shuka kayan miya.

Nan ne bakina ya kufce. A gaban direba, a gaban maƙwabta. Na ce wa Yaya, lokacin da Baba yake jinya ni kaɗai nake ɗaga shi ina kwantarwa, kai kana gari kana aiko gaisuwa. Yanzu ka jawo ƙaton ƙarfe don a ce ka yi wani abu. Ya tsaya da laka har gwiwa, sannan ya shiga mota.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ban yi nadama ba. Gaskiya na faɗa.

Litinin, 19 ga Mayu

Na je ni kaɗai wurin makaniken bakin hanya, na gwada ta turawar da nake ta naci a kanta. Ko rabin kunyar huɗa ɗaya ban kai ba. Ta jijjiga ni har haƙorana, bayana ya riƙe, na durƙushe a gaban mutane. Makaniken ya kashe injin ya ce, "Baiwar Allah, wannan ba taki ba ce. Nemi mai taya huɗu, doki talatin, mai kujera." Wai kuma yayana ya zo shekaranjiya, ya yini yana tambaya wacce ce ba za ta ƙarasa bayan ƙanwarsa ba.

Wa ya aike shi? Kuma me ya hana shi faɗa mini tun farko, sai shafa ƙarfe?

Haushin kaina ya fi na kowa yau.

Asabar, 24 ga Mayu

Mai doki talatin ta iso. Ta shige ƙofa salin-alin, ta zagaye rijiya ba ta taɓa komai ba. Kafin azahar na huɗe ɓangaren gabas ina zaune. Zaune!

Yaya ya mai da ginshiƙin da kansa, a karkace. Ya roƙa in bar shi ya ja kunya ɗaya, ta fito kamar maciji ya bi ta kan yashi. Na zazzaga masa masifa, yana dariya yana cewa, "To koya mini mana, Auta." Wai zai dawo Asabar mai zuwa, watakila ya kwana biyu. Na ce gonata ba makaranta ba ce.

Na share ɗakin Baba, na shanya katifa. Ƙura ce ta yi yawa, ba don komai ba.